Guguwa ta wuce, ruwa ya shiga gida, wuta babu: da me za a fara?

Tambaya: Kwana biyu ke nan da mahaukaciyar guguwa ta bi ta kanmu. Ruwa ya shiga gida har gwiwa, yanzu ya fara janyewa, amma babu wutar lantarki a duk unguwar, kuma ba a faɗi ranar dawowarta ba. Muna fake a gidan wani maƙwabci da ke kan tudu, ni da matata da yara biyu da mahaifiyata mai ciwon sukari, wadda take yin allurar insulin. An ara mini janareta, ina so mu koma gida. Da me zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Sannunku da wannan jarrabawa, ɗan'uwa. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya ƙara wa Mama lafiya.

Iska ta kwanta, amma tsugune ba ta ƙare ba. Mu da muke aikin agaji bayan bala'i mun fi jin tsoron makonnin da ke biyo bayan guguwa fiye da daren da ta sauka, domin a daren kowa yana cikin taka-tsantsan, amma da gari ya waye sai zumuɗin komawa gida ya ture hankali gefe. Lokacin da guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico a watan Satumba na 2017, adadin mamatan da hukuma ta tsaya a kai da farko 64 ne. Bayan binciken da Jami'ar George Washington ta yi, aka mayar da shi 2,975. Yawancin waɗannan bayin Allah ba iska ce ta kashe su ba. Rashin wuta ne, da rashin ruwa mai tsabta, da yankewar magani da hanyar asibiti, domin wasu sassan tsibirin sun yi kusan wata 11 kafin su sake ganin lantarki. Saboda haka abin da nake so ka riƙe shi ne, gidan zai iya jira, amma lafiyarku ku biyar ba za ta jira ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Ka ce ruwa ya fara janyewa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ya tafi ke nan. Ruwan da guguwa ta zubar a kan tuddai da duwatsu yana ɗaukar kwanaki kafin ya gangaro, shi ya sa kogi yakan kai ƙololuwar cikarsa bayan rana ta fito, sararin sama ya yi tas. An ga haka bayan guguwar Florence a jihar North Carolina ta Amurka a 2018, inda koguna suka ci gaba da tumbatsa kwanaki bayan iska ta wuce. Ka saurari rediyo mai batir, ka jira hukumar agajin gaggawa ta yankinku ta ce an iya komawa. Idan kuma za ka je dubawa, ka je da rana, kai da wani babba, ka bar Mama da yara inda suke.

A hanya, ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma yana tafiya da babba. Mutane suna raina waɗannan alƙaluma domin sun saba ganin titin, sun san inda ya miƙe da inda ya lanƙwasa, sun manta cewa ƙarƙashin ruwan ƙila babu titin ma, ko murfin kwalbati ya tashi ya bar rami. Alƙaluman Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka na shekarun 1963 zuwa 2012 sun nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar, ruwa ne ya ci su. In dole sai ka taka ruwa, to wanda yake tsaye, da takalmin roba mai tsawo, da sanda kana dogarawa kana lalubo ƙasa kafin ka ajiye ƙafa. Duk wayar lantarki da ka gani a ƙasa ko tana lilo, ka ɗauka da wuta a jikinta ko da unguwar gaba ɗaya tana cikin duhu. Ka ba ta tazarar aƙalla mita 10, kada ka taɓa shinge, ƙofar ƙarfe ko kududdufin da ta faɗa ciki, ka kira kamfanin lantarki.

In ka isa, kada ka yi saurin buɗe ƙofa. Zagaya gidan tukuna. Duba ko bango ya tsage ko ya karkata, ko ruwa ya zaizaye ƙasar gindin ginin, ko rufi ya zauna. In ka ji warin gas ko ƙarar fitarsa, ka ja da baya, kada ka kunna ko kashe komai, ko da makunnin fitila ne. Haske kuwa tocila kawai, ba ashana, ba kyandir, ba laita. Da ka shiga, ɗaga kai ka kalli silin: in ya yi ciki ya sauko, ruwa ne ya taru a kansa, yana iya rufto maka. Ka riƙa ɗaga kaya da sanda kafin hannu, domin macizai da ɓeraye da kunamu su ma tudu suka nema, kuma gidanka ne tudun.

Aikin farko a cikin gida shi ne kashe babban makunnin wuta, duk da cewa babu wutar. Dalili shi ne ranar da za a dawo da ita ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, za ta shigo ne kawai cikin jiƙaƙƙun wayoyi da soket. Amma sharaɗi ɗaya ne: in sai ka tsaya cikin ruwa ko kan jiƙaƙƙen daɓe kafin hannunka ya kai ga makunnin, ka bar shi, ka nemo mai aikin lantarki ko kamfanin su yanke daga waje. Idan kana da farantan sola, ka tuna cewa suna ba da wuta muddin rana tana dukansu, batiran inbata ma suna riƙe da tasu. Ruwan da ya kai gwiwa ya riga ya shanye soket ɗin ƙasa, don haka ba za a mayar da wuta gidan ba sai ƙwararre ya duba. Wannan ya fi tsanani idan ruwan teku ne, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, kuma yana ci gaba da cin ƙarfe bayan ya bushe. A lokacin guguwar Sandy a 2012, gidaje fiye da 100 suka ƙone a unguwar Breezy Point ta birnin New York, suna tsaye a cikin ruwa, bayan ruwan teku ya haɗu da kayan lantarkin wani gida. Bayan guguwar Ian a Fulorida a 2022 kuma an ga motoci masu aiki da batir suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan gishiri ya jiƙa su. Duk wani abu mai batirin litiyam da ya nutse, keke ne ko babur ko fawa-banki, ka fitar da shi fili nesa da gini, kada ka sa shi caji.

Yanzu ga janaretan da aka ara maka, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk tambayarka. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama gurbin da oksijin yake zama, ta riƙe shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Mutum zai fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ce gajiyar kwana biyun nan ce, ya kwanta ya huta. Wanda kuma yake barci ba ya jin komai. Bayan guguwar Laura a jihar Louisiana a watan Agusta na 2020, mutum biyar 'yan gida ɗaya suka rasu a garin Lake Charles, sun tsira daga iskar da ta ɗebe rufin gidaje, janaretan da suka kunna a garejin da ke manne da gidansu ya kashe su. Irin wannan labari yana maimaituwa kusan bayan kowace babbar guguwa, kuma ba jahilai yake samu ba. Mutane ne masu hankali da suka ji tsoron ɓarawo, ko suka ji tsoron ruwan sama ya jiƙa injin, suka jawo shi kusa.

Ƙa'idar ba ta da sassauci. Janareta yana zama a waje, a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa, taga ko kafar shan iska, bakin salansarsa yana kallon nesa da gida, naka da na maƙwabci. Gareji ba waje ba ne ko da ƙofarsa a wangale take. Baranda ba waje ba ce. Ƙarƙashin matakalar bene da lungun tsakanin gini biyu su ma haka. Buɗe taga da kunna fanka ba sa korar wannan iska. In ruwan sama kake tsoro, yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe huɗu a kan busasshen wuri mai tudu. In ɓarawo ne, sarƙa da kwaɗo, ko kuma ka kashe shi da dare, ka bari ya huce, ka shigar da shi. Ni ra'ayina ma kada ya kwana yana aiki alhali kowa yana barci, sai fa in akwai na'urar da ran wani ya dogara da ita, kuma akwai ƙararrawar gano kabon monoksaid mai batir a kusa da ɗakin kwana. Idan mutum biyu ko fiye a gida suka fara ciwon kai lokaci guda, ko yaro ya yi laushi ba dalili, kowa ya fita waje nan take, a nemi asibiti, a gaya wa likita cewa akwai janareta a kunne. Wannan hukunci ya hau kan gawayi, da murhun gasa nama, da mota da aka bari a kunne cikin gareji don cajin waya. Duk abin da yake ƙona mai ko itace, wurinsa waje.

Akwai kuskure na biyu da ake yi da janareta wanda yake kashe mutumin da ba ya ma cikin gidan. Wasu sukan haɗa waya mai kai biyu, su cusa ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango, don wuta ta zagaye gida. Wutar ba ta tsayawa a gida. Tana bin layi ta koma taransifoma, shi kuma ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta samu ma'aikacin da yake kan turke yana gyara wayar da ya tabbata matacciya ce. Sai an sa makunnin sauya layi wanda ƙwararre ya haɗa ake ba gida wuta daga janareta, kai kuwa wayoyin gidanka sun jiƙe, wannan ƙofa a rufe take gare ka yanzu. Ka ja doguwar waya mai kauri, irin ta aikin waje, wadda ba ta da ƙujewa, daga injin kai tsaye zuwa abin da kake son kunnawa, mahaɗarta kuma kada ta taɓa ƙasa mai ruwa. Kafin ƙara mai, ka kashe shi ya huce na kamar minti 15 zuwa 20, domin fetur da ya zuba kan zazzafan inji gobara ce. Man kuma ka ajiye shi nesa da inda ake kwana da inda ake girki. Ba sai ya yi ta aiki dare da rana ba: 'yan sa'o'i da safe, 'yan sa'o'i da yamma sun isa a sanyaya firiji, a yi cajin waya da tocila, man ya kai ku kwanaki. Firijin da ruwa ya shiga injinsa dai ba a kunna shi sai an duba.

Sai Mama. Insulin ba ya lalacewa da an ɗauke wuta, kamar yadda mutane da yawa suke zato har su daina allura. Wanda yake cikin kwalbarsa ko alƙalaminsa na asali yana iya kaiwa kwana 28 a wajen firiji matuƙar zafin wurin yana tsakanin digiri 15 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Wani bincike da Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a 2021, wanda suka gina kan yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa yana riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu ko da zafi yana hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Abin da yake kashe shi shi ne rana kai tsaye, da cikin mota a rufe, da daskarewa. Don haka in kun samu ƙanƙara, kada kwalbar ta taɓa ta, a naɗe ta da tsumma a ajiye a gefen kula. In babu, a sa ta cikin leda mai rufewa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa inda iska take kaɗawa. Wanda ya daskare, ko ya canza launi, ko ya yi gudaji, ko ruwan ambaliya ya taɓa shi, a nemi wani.

Kada ta daina allura don abinci ya yi ƙaranci, kuma kada ta yi cikakkiyar allura sannan ta rasa abin ci. Biyun duka haɗari ne. Ta riƙa auna sukarinta fiye da yadda ta saba, domin tashin hankali da rashin barci da sauyin abinci duk suna motsa shi, a kuma ajiye wani abu mai zaƙi kusa da ita saboda faɗuwarsa: rawar jiki, gumi, ruɗewa. Ka rubuta sunan insulin ɗinta da adadin da take yi a takarda, ka ɗauki hotonsa a waya, ka ƙirga abin da ya rage yau ɗin nan, ka fara neman ƙari tun saura na mako guda. Ƙafarta kuwa kada ta taɓa ruwan nan ko kaɗan. Mai ciwon sukari yakan taka ƙusa bai ji ba, ƙaramin rauni kuma ya zama abin da ake yanke ƙafa a kansa. A duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowace yamma.

Zafi ma abin kula ne, domin guguwa tana zuwa ne a lokacin zafi, ta bar gari da gumi, babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki. Bayan guguwar Irma a 2017, mutum 12 suka rasu sakamakon zafi a wani gidan kula da tsofaffi a Fulorida da na'urar sanyayawarsa ta tsaya. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, saboda haka ba a jira ta nema, miƙa mata ake yi. Jiƙaƙƙen tawul a wuya da hammata, tufafi marasa nauyi, zama a ɗakin da ya fi iska. Idan ta fara magana ba kan gado, ko jikinta ya yi zafi rau, wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Ruwan sha shi ne abin da zai fi wahalar da ku in abin ya ja. Ruwan famfo da ya fito garau ba shaida ba ce. Idan injinan tura ruwa suka tsaya, ƙarfin da ke cikin bututu yana faɗuwa, ƙazantar waje ta tsotsu ta duk inda ya tsage. Rijiya ko burtsatsen da ambaliya ta rufe bakinsa shi ma gurɓatacce ne har sai an wanke shi da kulorin an gwada. Kuma gyaran yana iya daɗewa fiye da na lantarki: birnin Asheville na Amurka, wanda yake cikin duwatsu ɗaruruwan kilomita daga teku, ya yi fiye da kwana 50 ba ruwan famfon da za a sha bayan guguwar Helene a 2024. Ka lissafa wa kowane mutum kusan lita 4 a rana don sha da ɗan abin da ba a rasa ba, ku biyar lita 20 ke nan, in an haɗa da girki da wanka da wanki kuwa ma'aunin masu aikin agaji lita 15 ne ga mutum guda.

Tafasawa ta fi komai: ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya cur. In ruwan ya yi gauraye, a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta kafin a ɗora. In babu abin tafasawa, bilic na wanki wanda ba a sa masa ƙamshi ko sabulu ba, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ɗigo biyu a lita ɗaya, a motsa, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warin kulorin, in ba a ji ba a maimaita. Ruwa mai duhu ana ninka masa. Amma ka sani, tafasawa da bilic ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire fetur ko maganin ƙwari, don haka ruwan da yake warin mai ko yake da ƙyalli a samansa ba a shan sa ko ta yaya. Da wannan tsabtataccen ruwan za a wanke baki, a wanke kwanuka, a dama wa jariri madara in akwai shi. Ba don tsoratarwa nake faɗa ba: bayan guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, kwalara ta kama dubban mutane cikin 'yan makonni, haka ma ta ƙaru a kudancin Haiti bayan guguwar Matthew a 2016. Idan yaro ya fara gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari tun kafin ya galabaita: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawar ta zama kamar ruwa zalla, ko da jini, ko ya kasa sha, a tafi asibiti. Masai kuma, in shaddar gidan ta cika ta tumbatsa, kada a yi amfani da shi. Bokiti mai murfi da leda biyu a ciki ya fi, sannan wanke hannu da sabulu kowane lokaci.

Batun abinci gajere ne. Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kamar sa'a 4, firiza cikakkiya sa'a 48, rabi kuwa 24. Kwana biyu sun wuce, don haka nama, kifi, madara, ƙwai da dafaffen abincin da ke firiji sun tashi daga aiki, na firiza ma sai wanda har yanzu yake da ƙanƙara a jikinsa. Kada ka ɗanɗana don gwaji, wari da ɗanɗano ba sa nuna gubar. Duk abin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar, har da na cikin kwali, da buhu, da kwalba mai murfin murɗawa. Gwangwanin da bai kumbura ba, bai loɓa ba, bai yi tsatsa ba shi kaɗai ake ceta: a cire takardarsa, a wanke da sabulu, a tafasa shi cikin ruwa minti biyu, a rubuta abin da ke ciki.

Kafin ka ɗaga ko tsinke, ɗauki hoto da bidiyon kowane ɗaki, da layin da ruwa ya bari a bango, da lambar jikin kayan lantarki. Kamfanin inshora da hukumar ba da tallafi shaida suke nema, kuma bayan an share ba ta dawowa. Daga nan aikin tsere ne da funfuna, wadda take fara tsiro cikin sa'a 24 zuwa 48 a kan duk abin da ya jiƙe. Buɗe ƙofofi da tagogi, kwashe laka tun tana ɗanya, fitar da katifa, kafet, kujerun kushin da filo. Na san zubar da katifa yana da ciwo ga wanda ya riga ya yi asara, amma abin da ya sha ruwan da ya gauraya da masai ba ya wankuwa har ciki, kuma yara ne za su kwana suna shaƙarsa. Daɓe, bango, ƙarfe da roba ana wanke su da sabulu tukuna, sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya a lita 19. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya, domin hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu. Safar hannu ta roba, takalmin roba, da takunkumi irin N95, kuma Mama da yara ba sa cikin wannan aiki.

Duk raunin da ka ji, komai ƙanƙantarsa, wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe. In ƙusa ce ko ƙarfe, a duba maka batun allurar tetanus. In ya kumbura, ya yi ja yana yaɗuwa da sauri, kada ka kwana da shi. Sannan ka riƙe wannan har tsawon wata guda: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, da ciwon tsokar ƙwauri, da jan ido bayan an shiga ruwan ambaliya yana iya zama cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da dabbobi, wadda likitoci ke kira leftosfirosis. Ta kama mutum fiye da dubu biyu a Filifin bayan guguwar Ketsana ta nutsar da Manila a 2009. Tana jin magani in an fara da wuri, tana lalata ƙoda in an yi sakaci, saboda haka ka gaya wa likita da bakinka cewa ka shiga ruwa. Sauro ma zai yi yawa bayan mako ɗaya zuwa biyu, a kifar da duk abin da ya tara ruwa, a kwana cikin gidan sauro. Ka kuma yi aiki da sauƙi. Faɗowa daga tsani, yankan zarto mai inji, da bugun zuciya wajen ɗaga kaya cikin zafi suna cikin abubuwan da suke cika asibiti a irin wannan mako.

Game da wuta, sanin yadda ake dawo da ita zai taimake ka ka yi lissafi. Ana fara gyara tashoshi da manyan layuka, sai ƙananan tashoshin rarrabawa, sai layin asibitoci da gidan ruwa, sannan layukan da suke ɗauke da mutane mafi yawa, a ƙarshe wayar da ta shiga gida ɗaya ɗaya. In ka ga turaku a kwance a titinku, ka shirya wa makonni. Ka kai rahoton gidanka da kanka, ka ambaci cewa akwai mara lafiya. Wayar hannu kuma a rage haskenta, a riƙa tura saƙon tes maimakon kira domin ya fi ratsa layin da ya cunkushe, a bar guda ɗaya a kashe saboda larura. Masu zuwa ƙofa suna cewa a ba su kuɗin aiki gaba ɗaya kafin su fara gyaran rufi ko wayoyi, ka yi hattara da su, irin wannan lokaci suke jira.

Yara za su iya komawa fitsarin kwance, ko su maƙale wa uwarsu, ko su firgita da ƙarar iska. Ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, ku tsayar musu da lokacin ci da na barci, ku hana su wasa a ruwa da tarkace. Kai ma ka yi barci. Ku raba dare da matarka ko da maƙwabcin naka.

Kwana a gidan kuwa sai abu huɗu sun tabbata: ginin lafiya yake, an yanke wuta ko an duba wayoyi, ɗakin kwana ya bushe ba ya warin ruma, kuma akwai ruwan sha da masai mai aiki. Kafin nan ka riƙa zuwa da rana kana aiki, ku kwana a tudu. Idan kuma insulin ya kusa ƙarewa ba ka samu wani ba, ko sukarin Mama ya hau ya ƙi sauka tana amai, ko ruwan sha ya gagara, ko aka sanar cewa kogi zai sake tasowa, to ka ɗauke su zuwa matsugunin da hukuma ta buɗe ko wurin dangi a garin da ke da wuta, tun da rana, tun hanya tana biyuwa. Ka tafi da magunguna, da na'urar auna sukari, da takardun shaida cikin leda, ka kulle gidan, ka bar wa maƙwabcinka lambar da zai same ka.